Kansilan da ya zo da ƙafarsa

Ana saura makonni kaɗan a yi zaɓen kansiloli a nan Manchester, wani mutum ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da la'asar, ana yayyafi. Shi kaɗai ne, ya rataya jaka, takalminsa ya jiƙe sharkaf. Na ɗauka mai kawo saƙo ne. Ashe ɗan takara ne, kuma direban bas ne da ya taso daga aiki. Ya tambaye ni abin da ya fi damuna a unguwa. Na ce masa danshin bangon ɗakin yara, wanda mai gidan hayar ya yi ta yi mini alkawari a kai. Sai ya zaro biro ya rubuta, ya faɗa mini sashen da zan kai ƙara, ya wuce ƙofa ta gaba. Ko ficika bai miƙo ba, ni ma ban sa rai ba.

Maganar danshi ba wasa ba ce a nan. A Rochdale, gari da ke kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a 2020 saboda fumfunar da ta cinye bangon gidansu. Har doka aka yi da sunansa. Shi ya sa duk mai neman kujera sai ya iya bakinsa a kan gidaje: tsadar haya, layin masu jiran gidan gwamnati da kan ɗauki shekaru, da masu gidajen da ba sa gyara.

Amma na gane ba kirki ne kawai ya fito da mutumin nan cikin ruwa ba. Haraji ne. Kowane gida a Ingila yana da rukuninsa, daga A zuwa H, gwargwadon darajarsa a 1991, kuma mazaunin gidan ne ke biya, ko da ɗan haya ne. Takarda na zuwa a watan Maris, a yi ta cire kuɗin wata-wata, wanda ya ƙi biya ya tsinci kansa a kotu. Da shi ake kwashe shara, a kunna fitilun titi, a kula da tsofaffi. To wanda aka yanki aljihunsa haka, in motar shara ta tsallake layinsu, ba ya cewa Allah ya isa ya yi shiru. Kansila yake nema, kuma lambarsa na nan a intanet.

Tsayawa takarar ma ba a biyan ko fam ɗaya. Masu zaɓe biyu daga mazaɓar su sa maka hannu, shi ke nan. Mu 'yan Najeriya da ke da izinin zama muna jefa ƙuri'a, albarkacin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Wato a ƙasar mutane ƙuri'ata ta kansila tana da nauyin da ba ta taɓa samu a gida ba, kuma wannan ya yi mini ciwo.

Ba sai na ba ku labarin namu ba. A zaɓen Oktoban 2024 a Kano, jam'iyya ɗaya ta lashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ko ɗaya ba ta bari ba. Kada wani ya ce adawa nake yi, domin kusan kowace jiha haka take, jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa. Kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa, kujera kuma daga ubangida, to don me kansila zai waiwayi talaka? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ku da ke gida ku faɗa mini ko kwatar layinku ta ji wannan hukunci.

Ba na cewa nan aljanna ce. Birmingham, gari na biyu a girma, hukumarta ta bayyana a 2023 cewa asusunta ya karye, aka lafta wa mutane ƙarin haraji, a 2025 kuma masu kwasar shara suka shiga yajin aiki har bola ta toshe tituna. Yawancin mutane ma ba sa fita zaɓen. Sannan kansilan nan duk ƙoƙarinsa ba zai zo sunan ɗana ba, ba zai zauna zaman makoki ba. Mai unguwarmu ya san kakana.

Sai dai sanin kaka ba ya gyara taransifoma. Da tamu ta ƙone, ni aka kira. Da injin rijiyar burtsatse ya lalace, a zauren WhatsApp na 'yan unguwa aka jera sunayenmu mu da ke waje, kowa da abin da aka yanka masa. Na biya, kuma gobe ma zan biya, don mahaifiyata ce ke shan ruwan. Abin da ke ci mini rai shi ne a duk zauren babu wanda ya ce a je a tambayi kansila. Da na kawo maganar, wani yayana ya ce, "Kai Malam, ka daɗe a Turai. Turo kuɗin kawai."