Marwa sunan dutse ne, amma wane dutse?

Jiya aka yi sunan 'yar ƙanena. Bayan sallar asuba liman ya raɗa mata Marwa, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Ko fiɗar rago ba a gama ba, sai wani kawunmu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, sunayen matan Annabi sun ƙare ne, da za a sa wa yarinya sunan dutse?" Na rusuna na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ai dutse suna ya tara." Ban ja da shi ba, amma da maganar na kwana.

Marwa dutse ne, babu musu. To sawun wa ke kansa? Na mace. Nana Hajara ce ta yi ta kai-kawo tsakanin Safa da Marwa har sau 7, tana neman ruwan da za ta ba jaririnta Annabi Isma'ila, har Allah ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Har gobe duk mai Hajji ko Umara sawun nan nata yake bi. Matar ƙanena shekara 6 ta yi tana jiran haihuwa, ta sha gori, ta sha magani. Da suka je Umara, a kan Marwa ta tsaya tana kuka tana roƙon Allah. Ku gaya min, wane suna za ta zaɓa?

Mu kuwa Hausawa sunan gari ba baƙonmu ba ne. Maza sun daɗe suna yawo da garuruwansu: Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mata ma garin ne ke cin sunansu, don tarihin baka ya ce Zariya sunan ƙanwar Sarauniya Amina ne, ga kuma Daura da Daurama. Ga Madina nan a gidajenmu, ga Firdausi da Kausar, waɗanda sunayen wurare ne a Aljanna, ba wanda ya taɓa ɗaga gira.

Inda nake bayan Kawu shi ne masu latsa waya su tsinto suna don kawai ya yi musu daɗi a kunne. Na san yarinyar da ake kira Chelsea saboda ubanta mayen ƙwallo ne. Unguwa ce fa a Landan, ko hanyarta bai sani ba! Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don ita za ta ɗauki sunan zuwa makaranta da gidan miji. Turawan ma da ake kwaikwayo, Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya, ta ci sunanta ne don a birnin Florence na Italiya aka haife ta a 1820.

Ni dai in Allah ya ba ni 'ya mace, zan roƙi Kawu da kansa ya yarda a kira ta Zariya, ko da a laƙabi ne. Can aka binne cibiyar mahaifiyata.