An yi aikin zuciya, amma allura tana nan

A Gusau na ji wata uwa tana cewa tunda an yi wa 'yarta aiki an canja mata ƙofar zuciya, wadda ke buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya, ai sun rabu da allurar fenisilin da ake yi wa masu irin ciwon zuciyarta. Da yawa haka suke ɗauka, kuma ba haka ba ne.

Ciwon daga maƙogwaro yake farowa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, a ba shi zuma da ruwan ɗumi, ya warware. Bayan mako 2 ko 3 sai gwiwa ta kumbura, jibi ciwon ya koma idon sawu. Garkuwar jikinsa ce, garin yaƙar ƙwayar cutar da ta kama maƙogwaron, ta kasa bambancewa, ta afka wa ƙofofin zuciyarsa har su ƙanƙance ko su riƙa yoyon jini.

Likita zai gyara ƙofar ko ya sa ta roba da ƙarfe, amma wuƙarsa ba ta taɓa garkuwar jiki. Ƙwayar na sake shiga maƙogwaro, ɓarnar za ta iya dawowa kan ƙofofin. Shi ya sa ake ci gaba da allurar fenisilin duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Akwai zafi, wallahi, ruwanta fari ne mai kauri kamar kunu, ga kuɗin mota daga ƙauye. Duk da haka kada a tsallake.

Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe kuma zai sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, kullum, iya rayuwarsa, da gwajin jini a kai a kai. Mace mai shansa ta fara ganin likita kafin ta ɗauki ciki.