An Fitar da Ɗana Yana Zaune a Benci

Kun dai san ƙungiyar besbol ta yaran unguwarmu a nan Bronx, kun kuma san kocinsu, dattijon nan ɗan Dominika da ba ya rabuwa da tsinken sakace. Tun farkon kakar wasa muke sa-in-sa da shi a kan jerin masu bugu. Shi a wurinsa abin gado ne: mai gudu a farko, mai iya dungurar ƙwallo na biyu, gwani na uku, ƙato na huɗu ya kwashe kowa zuwa gida. Ni kuwa lissafi ne abincina. Na ce masa, Koci, duk matakin da ka sauke ɗan wasa a jeri ka rage masa damar bugu kusan 18 a kakar manya mai wasa 162, saboda haka gwaninka na biyu ya kamata ya zo. Na kawo masa misalin Aaron Judge, ɗan wasan New York Yankees, wanda ya tsallakar da ƙwallo shinge sau 62 a 2022, yawanci kuma a na biyu yake bugawa. Sai ya ce ai Billy Martin, kocin ƙungiyar Detroit, a 1972 sunaye ya zuba a hula aka zaro, kuma Detroit ta ci wasan. Iyakar hujjarsa ke nan.

Ranar Asabar haƙori ya kwantar da shi, ya bugo waya ya ce, "Akanta, yau filin naka ne." Ya aiko da katinsa a cike. Na rubuta nawa: gwanin yaron ya hau na biyu, ɗana da ke wurin na mayar da shi na bakwai, don alƙaluma ba su san ɗa ba. Kati ɗaya na miƙa wa alƙalin wasa, ɗaya na manna a shinge. Katunan nan launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuma har gobe wanda ya buga su haka nake tuhuma.

Na farko ya samu tasha ta ɗaya cikin tasoshin da ake zagayawa a dawo gida a ci maki. Gwani ya fito, jifa na biyu ya ɗauke ƙwallo, ta yi sama, ta tsallake shinge. Jama'a, na yi tsalle. Na juya wajen iyaye na ɗaga kwamfutar hannuna sama da hannu biyu, na ce da ƙarfi, "Lissafi!" Har na fara rubuta wa Koci saƙo.

Sai na hango kociyar ɗaya ɓangaren ta taso a hankali, riƙe da takarda, ba ta ko sauri. Ta yi wa alƙali raɗa. Alƙali ya zaro kati daga aljihu, ya duba, ya dubi yaron, ya sake duba kati. Sannan ya juyo wajen bencinmu ya kira sunan ɗana. Ɗana yana zaune, hular kwano a cinya, bakinsa cike da biskit. Alƙali ya dunƙule hannu ya ce ya fita. A dokar wasan, idan wani ya buga a layin da ba nasa ba, mai layin ake fitarwa, a soke bugun. Maki biyu suka tafi, mai gudu ya koma tasha ta ɗaya, hannuna kuma har lokacin yana sama da kwamfuta. Yaron ya haɗiye biskit ya ce, "Baba, ko gorar ban taɓa ba fa." Tunda a katin Koci gwani ne na uku, shi aka sake kira. Jifa uku, duka uku, duk iska ya doka.

A nan Alhaji ya shigo. Alhajin Kumasi nake nufi, mai tasi. Mutumin nan ba shi da ɗa a ƙungiyar, ba shi da jika, bai san dokar wasan ba, ko an buga ko an kama "gol" yake cewa. Amma duk Asabar sai ya zo da kujerar naɗewa da fulas ɗin shayi. Shi ne ya miƙe ya ce da Hausa, yadda har masu sayar da askirim suka waiwayo, "Akanta, kwamfutar ce ta yi tuntuɓe ko kai?" Ashe tun tsallena yake ɗauka a waya. Kafin la'asar bidiyon yana zauren WhatsApp na masallaci, ya sa masa kiɗan kalangu. Wannan fa mutumin da wayar tayar da batirin motata take wurinsa tun hunturun bara. Duk haɗuwa sai ya ce tana but, gobe. Mai riƙe da kayan mutane ne yake da bakin yi wa mutane dariya.

A mota na yi wa maman yara bayani cewa ƙungiyar manya ta New York Mets ma, da albashinsu na miliyoyi, sun yi irin wannan a 2018. Ta ce su ma 'ya'yansu aka fitar? Na ƙara da cewa masu alƙaluman da kansu sun ce bambancin jeri mai kyau da na gargajiya bai wuce nasara ɗaya ba a kaka guda. Ta ce to a kan nasara ɗaya nake hana dattijo sakat tun bazara?

Koci ya warke, ya mayar da jerinsa, bai ce mini uffan ba, sai dai yanzu da kansa yake kai wa alƙali kati. Wanda ya ga Alhaji ya tuna masa da wayar batir, sanyi ya kusa.