Ba duk mai gyaran janareta ne ya san injin yankan itace ba

Wallahi abin da masu gyara ke yi wa injinan yankan itace a garin nan na Katsina ya ishe mu. Duk wanda ya iya kwance ƙaramin janareta, shi ke nan ya zama gwani. Ka ce masa inji yana tashi, amma da ka ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu, kafin ka rufe baki ya ce fulogi ne. A sayo fulogi. Bai yi ba? To kafireto ne, a sayo sabo. Bai buɗe filtar iska ba, wadda ƙurar hunturu da garin katako suka toshe. Bai zaro 'yar filtar cikin tanki ba, balle ya duba ko tiyon mai ya tsage. Waɗannan ba sa kawo kuɗi, shi ya sa ido ba ya kai wa gare su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wasa da sukurun kafireto. Akwai sukuru mai alamar L, akwai mai alamar H, kuma H ɗin shi ke daidaita yawan fetur idan inji na cikin gudu. Sai mutum ya matse shi, inji ya ɗauki kururuwa, ya dube ka yana murmushi: "Maigida, ka ji yadda ya dawo sabo?" Sabo ina! Injin nan man da ke shafa fistan a cikin fetur yake tafiya. Ka rage fetur, ka rage mai, zafi ya ƙaru. Haka aka yi wa nawa. Ina tsakiyar yankan wani ƙaton bedi da iskar damina ta kayar a Ƙofar Marusa ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Da aka cire salansa, ga fistan nan duk ya karce ta gefen hayaƙi, ringi ya manne.

Ga kuma muguwar shawara: wai a haɗa fetur da baƙin man mota, ai duk mai ne. Kamfanin Stihl da ke Jamus, mai ƙera irin waɗannan injina, cewa ya yi kashi 50 na fetur, kashi 1 na man 2T mai kyau (man da aka yi don haɗawa da fetur), wato mililita 100 na mai a lita 5 na fetur. Su kuwa da murfin gora suke awo, da ido. Fetur ɗin ma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita da ciwo muke sayenta, sannan a sa mu lalata ta.

Kayan gyara kuma sai addu'a. Kwali da sunan kamfani, abin ciki jabu, kuɗi na asali.

Mai bedin ya gaji da jira ya kira masu gatari. Ni kuwa da na koma da injin, mai gyaran ko kunya babu ya ce in kawo kuɗin fistan da silinda, kuma ladan aiki daban, wai wancan na kafireto ne.