Tura kuɗi ta waya ba ya maye gurbin zuwa gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa matasa, musamman mu 'yan Garwa ta Kamaru da neman abinci ya watsa mu. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai sai na faɗe ta, wanda ta taɓa ya yi haƙuri don ni ma tana kaina.

Mu bakwai Inna ta haifa, a unguwar Hausare muka tashi, gida ɗaya tsakar gida ɗaya, tire ɗaya. Wanda ya san zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ya san ba mai iya kwana a ɗaki, sai mu baza tabarmi a waje mu jeru kamar kifin Lagdo a kasuwa, ƙafar wannan a kan wuyan wancan, asuba na yi Baba ya bi mu da buta yana yayyafa mana ruwa. Da Inna ta kwanta ciwo, babbar yayarmu ce ta bar lekol, wato makarantar boko, tana aji biyar ta ɗauki gidan a kanta. Ita ke tuƙa tuwon dawa da miyar folere, ita ke ɗaukar kwandon wanki a ka zuwa bakin Binuwai da rani ni ina riƙe da gefen zaninta, ita ke ƙirga mana dala-dala na ƙosai da safe. In an sa nama a miya ita ke rabawa, kuma ni na sha ganin ta da idona tana tura nata yankan gaban Autanmu a hankali don kar kowa ya lura, ta ce wai haƙorinta ke ciwo. Sai da na girma na gane haƙorinta lafiya lau yake.

A 2012 da ruwa ya yi ambaliya aka buɗe dam ɗin Lagdo, gidan Kawu ya cika da ruwa, suka kwaso yara da tukwane suka zo mana. Mun haura ashirin a gidan nan wajen wata biyu, ba wanda ya ce an takura shi, buhun masara ɗaya ake ci har ya ƙare a nemo wani.

To yau ina muke? Ɗaya na Briketeri a Yawunde yana sayar da yadi, ɗaya na Duwala, ɗaya na Kusiri kullum yana tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena da kaya, wata an kai ta aure Yola. Muna da gurup na gida a WhatsApp, ranar Juma'a hotunan masallaci da furanni sai sun cika maka waya, amma ka tambayi mutum yaushe rabon da ya ji muryar yayarsa sai ya fara lissafi da yatsu. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, maganar gida ta taso, a sayar ko a bari, daga nan yayyena biyu maza suka daina gaisawa. Mutanen da suka yi shekaru suna sa wando ɗaya na Sallah, wannan ya sa bana ya ba wancan baɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a Janairun 2022 lokacin gasar ƙwallon Afirka. Ɗaya daga cikinsu ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde ya kwana a hanya har Ngawundare, ya shiga mota zuwa Garwa, don kawai ya kalli wasan Najeriya da Masar a filin Rumde Ajiya, wanda Najeriya ta ci ɗaya da nema. Kwana uku ya yi a gari a wurin abokai, bai taka ƙofar Yaya ba, saboda a ganinsa ta goyi bayan ɗayan. Kuɗin moto daga filin zuwa gidanta bai kai na ruwan sanyin da ya sha ba. A sitatus ta ga hotonsa da tuta a wuya, ta daɗe tana kallon wayar sannan ta ce “ashe ya zo”, ta tashi ta shiga kicin. Wallahi gara a ce ta yi kuka da wannan shirun.

Ni ma ban tsira ba. Na ɗauka tunda duk ƙarshen wata ina tura mata jaka goma ta Orange Money na sauke nauyi, alhali Marwa nake, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Ran da na je sai ta kalle ni ta ce “kuɗinka ina gani ƙanena, Allah ya ƙara buɗi, kai ne ba na gani”. Ban iya cewa komai ba. Ashe da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ƙafar suke nufi da gaske.

Don Allah samari mu ji tsoron Allah a kan 'yan'uwanmu. Manzon Allah (SAW) ya ce mai yanke zumunta ba zai shiga Aljanna ba, kuma ya ce mai sada zumunta ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Ka ga kenan maganar “ai shi ma bai kira ni ba” ba hujja ba ce, nan ne ma aikin ya fara. Kwana uku kacal aka yarje wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, mu kuma muna ƙirga shekaru a kan ɗaki biyu da zaure. Kana da kiredin da za ka yi awa guda kana hira da budurwa, ba ka da na minti biyar ga wadda ta goya ka ta wanke maka kashi? Kuma in ka je kar ka tsaya a ƙofa kana duba agogo, ka cire takalmi ka zauna a tabarma, ka ci abin da aka dafa ko da miyar tasba ce, ka san sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, don yaran nan suna kallo, yadda suka ga muna yi haka za su yi wa juna. In kai ne ƙarami ka sauke kai ko kana da gaskiya, ba a cin riba a kan yaya. In kai ne babba ka tuna kai ne uba yanzu.

Makon jiya na je wurin Kawu na roƙe shi ya tara mu gaba ɗaya a gidan Hausare da Babbar Sallah, a yanka rago ɗaya a ci tare. Na Kusiri ya ce in Allah ya yarda zai zo. Na Yawunde ya karanta saƙon, har yanzu bai amsa ba, gobe bayan Magariba zan sake kiransa. Ku sa mu a addu'a.