Ba kowane maganin ƙanjamau ne ke lalata mitokondiriya ba

Ana yawan cewa mai ƙanjamau da ciwon hanta, ko wane magani ya sha sai ya ƙone masa hanta. Ba haka ba ne.

Matsalar ta fi fitowa daga tsofaffin magunguna, didanosine da stavudine. Suna toshe polimeras gamma, sinadarin da ke kwafar DNA ɗin mitokondiriya, ɗan injin da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi. Injin na raunana, sai laktet, wani sinadari mai tsami, ya taru a jini, kitse ya cika hanta. Idan aka haɗa didanosine da ribavirin, maganin ciwon hanta nau'in C, ribavirin yana ƙara masa ƙarfi a cikin ƙwayar, har ta kai ga kumburin fankiriyas (gaɓar ciki da ke taimaka wa narkar da abinci) ko mutuwa. Shi ya sa aka hana haɗa su.

Alamun taruwar laktet suna zuwa a hankali: amai, ciwon ciki, rama, numfashi sama-sama. Idan gwajin jini ya nuna laktet ya wuce 5 mmol/L, a garzaya asibiti.

Tenofovir da lamivudine, su ma magungunan ƙanjamau, illarsu ga mitokondiriya kaɗan ce, sai dai a riƙa gwajin ƙoda. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa, kada ya kuskura ya daina shan su da kansa, ciwon hantar na iya tasowa da ƙarfi.