Ranar da malamai suka ƙure fada a birnin Reims

Akwai wata magana da ba na son ji a taron malamai, ita ce "ku yi haƙuri, ladan malami yana lahira." Na taɓa jin ta daga bakin mai wata makarantar kuɗi da na koyar a cikinta, lokacin muna bin sa bashin albashin wata uku. Ya zo taron a sabuwar mota, ko ledar kujerun bai cire ba, ya ajiye makullin a kan tebur, ya share rabin awa yana yi mana wa'azin tawakkali. Babu wanda ya ce uffan. Ni kaina sunkuyar da kai na yi ina wasa da murfin biro.

Tun da na karanta tarihin Jean-Baptiste de La Salle, wani fada (limamin Katolika) ɗan Faransa da ya kafa ƙungiyar malaman makaranta, wannan taron yake dawo mini a rai, domin shi nasa malaman ba su yi shiru ba. Ni ba ɗan Katolika ba ne, na faɗa tun da wuri kafin wani ya tambaye ni. Sana'armu ce ɗaya da mutanen da ya tara, shi ya sa labarin ya shige ni.

An haife shi a birnin Reims na ƙasar Faransa ranar 30 ga Afrilu 1651, ɗan fari a gidan masu hali, mahaifinsa alƙali. Kafin ya cika shekara 16 an ba shi kujera a majalisar limaman babban cocin Reims, cocin da ake naɗa sarakunan Faransa a cikinsa a wancan zamani. Kujera ce mai albashi da daraja, wadda in mutum ya samu ya huta har ƙarshen rayuwarsa. Iyayensa suka rasu a jere, 1671 da 1672, ya baro karatu a Paris ya dawo riƙon ƙannensa. A 1678 aka naɗa shi fada. Har zuwa nan babu abin da ya haɗa shi da allo da alli.

A 1679 ya haɗu da wani mutum mai suna Adrien Nyel da ya zo Reims da niyyar buɗe makarantar kyauta ga 'ya'yan talakawa. De La Salle ya taimaka masa irin taimakon da manya ke yi, ya yi magana da wannan, ya haɗa shi da wancan. Matsalar ita ce Nyel gwanin buɗe makaranta ne, ba gwanin zama a cikinta ba. Da ya buɗe nan sai ya wuce can, ya bar malaman. Su kuwa malaman, a wancan zamani, yawanci mutane ne da suka rasa abin yi, karatunsu bai taka kara ya karya ba, ladabin zama ma sai a hankali. De La Salle da kansa ya rubuta daga baya cewa yana ganinsu ƙasa da baran gidansa, kuma da ya san taimakon zai kai shi ga zama da su, da tun farko ya janye hannunsa. Ina girmama shi saboda wannan gaskiyar. Waliyyai da yawa an goge musu tarihi har ya yi santsi, shi kuwa ya bar mana shaidar ƙyamarsa da hannunsa.

Ya fara kiransu cin abinci a gidansa. A 1681 ya kwaso su gaba ɗaya suka tare a gidan. Dangi suka tayar da jijiyar wuya, har aka ɗauke wasu daga ƙannensa daga hannunsa. A 1682 ya bar gidan gadonsu ya koma gidan haya tare da malaman.

To, a nan ne abin ya faru. Malaman suka shiga damuwa kan makomarsu, shi kuma ya shiga yi musu nasiha da ayoyin Linjila a kan tsuntsayen sama da furannin jeji, waɗanda ba sa shuka ba sa girbi amma Allah na ciyar da su. Sai suka mayar masa da amsar da ta fi ƙarfinsa. Suka nuna masa cewa shi yana da kujerarsa ta coci da gadonsa, ko makarantun sun rushe gobe ba zai kwana da yunwa ba, su kuwa sai bara. Ku duba fa, waɗanda yake ciyarwa ne ke faɗa masa haka a fuskarsa.

Da irin wancan mai makarantar tamu ne, da takardar kora ce za ta biyo baya. Shi sai ya karɓi maganar, ya tafi ya yi ta juya ta. A 1683 ya sauka daga kujerar. Bayan nan yunwa ta afka wa yankin, ya rarraba dukiyarsa wajen ciyar da mabuƙata har ta kusan ƙarewa.

A nan ina da ja, ba zan ɓoye ba. Me ya hana ya zuba kuɗin a makarantun, ya yi musu abin da mu za mu kira waƙafi? Mutanen zamaninsa ma sun ga wauta a abin. Na daɗe ina ganin ya yi ɓarna. Daga baya na fahimci lissafinsa: da ya zuba kuɗin a makarantun, da har abada shi ne ubangida su kuma yaransa. Da ya rabar, sai ya zama in tukunya ta ƙi tafasa, har da shi a masu kwana da yunwa. Ban ce kowa ya kwaikwayi wannan ba, mai iyali ma bai isa ba. Amma daga ranar wa'azinsa ya samu nauyi.

Ƙungiyar da ta fito daga wannan ita ce 'Yan'uwan Makarantun Kirista. Ya kafa doka cewa babu fada a cikinsu, dukansu malamai ne, koyarwar ita ce ibadarsu. Wannan ne jigon ruhaniyarsa kamar yadda na fahimce ta: bai raba aji da wurin addu'a ba. A makarantunsu na wancan zamani, lokaci zuwa lokaci ana dakatar da darasi, wani yaro ya tunatar da kowa cewa a gaban Allah ake, a yi ɗan shiru, a ci gaba da lissafi. Malami ba ya yawan magana, yana da ɗan katako mai ƙara da yake ba da umarni da shi. Yara na cin karin kumallo a aji, akwai kwando da mai ragowar burodi ke sakawa don wanda bai zo da komai ba.

Ya sa a fara koya wa yaro karatu da Faransanci, harshen da yake ji, maimakon Latin da aka saba. Dalilinsa mai sauƙi ne, ɗan talaka shekara biyu ko uku zai yi a makaranta kafin a tura shi neman abinci. (Mu kuwa har yau muna cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, amma wannan zancen wata rana ne.) Ya tara yara aji-aji ana koya musu tare, ya kuma buɗe wurin horar da malamai.

Ba a bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. Masu koyar da rubutu don kuɗi a Paris suka maka shi kotu saboda makarantar kyauta na kwashe musu ɗalibai, har aka kwashe kayan azuzuwa. Wasu manyan coci suka nemi ƙwace ragamar ƙungiyar. A 1691 abubuwa suka lalace har shi da mutum biyu, Nicolas Vuyart da Gabriel Drolin, suka yi alkawari ranar 21 ga Nuwamba cewa za su tsaya ko da bara za su yi, ko da burodi kaɗai za su ci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: Vuyart ya bar ƙungiyar daga baya, Drolin kuwa aka tura shi Roma a 1702, ya zauna can shekara 26 yana riƙe da alkawarin.

Paparoma Leo na 13 ya ayyana shi waliyyi a 1900, Paparoma Pius na 12 kuma ya sanya shi majiɓincin malamai a 1950. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne wata wasiƙa. Da tsufa da ƙararraki suka gajiyar da shi, ya janye zuwa kudancin Faransa yana zaton ba a buƙatarsa. Ranar 1 ga Afrilu 1714 manyan 'Yan'uwan suka rubuta masa, suka tuna masa alkawarin biyayya da ya yi wa ƙungiyar, suka umarce shi da ya dawo bakin aiki. Magadan mutanen da ya taɓa gani ƙasa da baransa ne ke ba shi umarni, kuma ya tattara ya dawo. A 1717 ya miƙa shugabanci ga ɗaya daga cikinsu, Ɗan'uwa Barthélemy. Ya rasu a gidansu na Saint-Yon da ke Rouen ranar 7 ga Afrilu 1719, Juma'ar da ke gabanin Ista, saura 'yan makonni ya cika shekara 68.